Furen bakin tabki da gemun maigidana

A gindin famfon gidan nan na Tawa, inda ruwan wanki yake kwanciya, wata ciyawa ta fito bana. Autata, wadda nake zaune wurinta tun da aka yi mini rasuwa, ta ɗauko hauya za ta share ta, na ce ta dakata.

Ta ce, "Inna, sauro take tarawa."

Na ce ta bar ta dai. Da ta matsa mini da tambaya, sai na ce ta ɗauko kaye da bik ɗinta na lakwal, wato littafi da biron makaranta, ta zauna, tunda ita malama ce, ni kuwa ko alif ban taɓa rubutawa ba. Abin da zan faɗa ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Ciyawar ba wata abar kallo ba ce. Tana rarrafe bisa laka, karanta ja-ja, ganyenta siriri mai kaushi. Furenta fari ne, bai wuce maɓallin riga ba, gefensa kamar an tsattsaga shi da allura. Damina ke kawo ta, in laka ta tsage ta mutu, sai wata shekara. Ban san sunanta na gaskiya ba. Ni da maigidana "ta bakin tabki" kawai muke ce mata. In ka karya karanta, ruwan da ke fita garau yake, sai ya sha iska ya koma baƙi.

Ƙauyenmu yana arewa da Tawa, wajen Affala, bisa tudu mai duwatsu. Geron da muke samu ba ya kai mu wata damina sai a shekara mai albarka. Shi ya sa mazanmu suke tafiya biɗa, wato ci-rani. Ana gama ɗaure dammuna, sai gari ya koma na mata da tsofaffi. Maigidana Abijan yake zuwa tun kafin a kawo ni ɗakinsa. Ya yi dako, ya yi talla, daga baya ya samu aikin gadi a wata magaza, wato ɗakin ajiyar siminti. Aikin zama ne, ya dace da mutumin da ƙarfinsa ya fara raguwa. In hadari ya fara haɗuwa sai ya bar wa wani ɗan yankinmu wurin ya riƙe masa, ya dawo noma. Bayan girbi ya koma, mai magaza ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya kama aiki.

Wannan dubawar ita ce damuwarsa. Mai magazar ba ya son tsohon mai gadi. Yana cewa ɓarawo ba ya tsoron furfura. Wata shekara maigidana ya dawo ba walwala, sai daga baya ya gaya mini an sallami wani abokin aikinsa don kansa ya yi fari, alhali mutumin yana iya ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya. Shi ma lokacin gemunsa ya fara furfura tsirga-tsirga. Ya ce ya gwada baƙin nan na kanti da ake sayarwa cikin kwali, fuskarsa ta kumbura kwana uku kamar wanda zuma ta yi wa taron dangi. Na yi dariya har na zauna ƙasa.

Ya ce, "Yi dariyarki. In anka koro ni, ke za ki tahi gadin."

Lalle kuwa ya ce ba ya so, jan gemu tun daga nesa yake shelar tsufa.

Sai na tuna kakata. Ina ƙarama na ga tana murza wannan ciyawa tana shafa wa 'yan mata a tsagar fuska don ta yi duhu, ita ma tana shafawa a goshin kanta. Na je bakin tabki na tsinko ƙwarya guda, na niƙa a ƙaramin dutse, na tace da tsumma, na zuba man gyaɗa, na ɗora bisa garwashi har ruwan ya ƙone ya bar mai mai duhu. Ba ya mayar da gashi baƙi wuluk. Dusashe furfura yake yi, ta ɓace cikin sauran gashin, mai kallo ya ce mutum bai wuce tsakiyar ƙarfinsa ba.

Daga wannan shekara ya zama aikina. Ana sauran kwana kaɗan tafiya, sai in cika masa butali, wato kwalba, guda da zai kai shi har damina, yana shafawa duk Juma'a. Shafawar farko kuwa ni nake yi masa, da hantsi, a bayan rumbu, in yara sun fita. Ya zauna bisa turmi ya ɗaga haɓa, ni ina tsaye.

"Ke, a hankali. Gemu ne, ba gindin tukunya ba."

"Tsaya mini, tsoho."

"Wa ke tsoho? Ki tambayi 'yan matan Abijan."

"Da wane haƙori za ka yi musu murmushi?"

In ya yi dariya man ya gangaro masa wuya, in goge da bakin zanena. Ba wanda ya sani. Ko 'ya'yanmu ba su sani ba. Abin kunya ne a ji dattijo yana ɓoye furfurarsa, kuma shi kansa zuciyarsa ba ta kwanta da abin ba. Yakan ce Allah ya ga dalilinsa. Ni kuma kafin in taɓa ciyawar nakan shafe hannuna da mai sosai, don kada baƙin ya kama ni a tambaye ni.

Na yi masa haka shekaru da yawa, ban ƙirga ba. Furfurar tana ƙaruwa, ina ƙara kaurin man. In ya dawo da damina butalin ya ƙare, sai ya aske gemun ƙasa-ƙasa ya naɗa rawani, har lokacin tafiya ya zagayo. Ni ce nake gyara shi da hannuna in miƙa wa hanya, kowace shekara, in koma in zauna wata bakwai ina jiran hadari.

A shekarar da nake son in ba da labari, jikinsa ya riga ya gaya mini gaskiya. Gwiwoyinsa suna ƙara in zai tashi daga sallah. Tari ya kama shi tun tsakiyar damina bai sake shi ba. In ya yi kunya biyu a gona sai ya dogara da hauya yana kallon ƙasa. Geron da muka samu bai cika rumbu ba, amma mu biyu ne kawai a gida, ga awakina, ga 'ya'yanmu maza suna can tasu biɗar suna aiko da abin da ya sawwaƙa. Na ce masa ya zauna bana.

Ya ce, "In zamna in yi mi? In bi masu sanduna gindin bango muna ƙirga awakin mutane?"

Na ce, "Malam, ka yi naka. Wa zai zarge ka?"

Ya ce, "Wagga shekara kaɗai. Daga ita na aje."

Haka ya ce bara, haka ya ce bara waccan. Ya ce in je in duba ta bakin tabki tun awaki ba su gama da ita ba, motar ranar kasuwa ce zai bi zuwa Tawa.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Da na isa tabkin na tarar ya ja baya sosai, laka ta tsattsage, ciyawar duk ta bushe sai wani ɗan wuri guda a gabas, ƙarƙashin gaɓa, inda inuwa take daɗewa. Nan ta yi kore shar, furanninta farare tas. Za ta cika butali har da saura. Na ajiye ƙwaryata na durƙusa. Wallahi da niyyar tsinka na je. Na kai hannu, sai na ji ba zan iya ba. Na zauna bisa dugadugaina ina kallonta, ina jin tarinsa a kunnena. Na ce a raina, in babu butali ba zai yarda mai magaza ya gan shi ba, kuma ba zai taɓa roƙon wata mace ta dafa masa ba. In babu ita, dole ya zauna.

Sai na fara tuge ta. Da saiwa nake cirowa, da hannu biyu, ina murɗewa ina turawa cikin laka ina takawa. Wata Buzuwa da ke cika jarkokinta bisa jaki ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Sannu da aiki. Noma kike cikin tabki?"

Na ce, "Ƙaya nake cirewa."

Ta dubi wurin, ta dube ni, ta kaɗa jakinta.

Ban bar ko ƙwaya ɗaya ba. Na wanke hannuna a ruwan tabkin, na ga sun fita tas, na ɗauki ƙwarya na kama hanya. Ni da na fi kowa sanin halin wannan ciyawa, ranar ban shafa mai ba, kuma ban tuna cewa baƙinta sai daga baya yake fitowa ba.

Na tarar da shi a zaure yana gyaran igiya. Na ce, "Ta bushe, Malam. Ɗan abin da ya rage awaki sun cinye."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Na shiga na dama fura na kawo masa. Da na miƙa ƙwaryar da hannu biyu, shi da ni muka gani lokaci guda. Duk layukan tafina sun yi baƙi, ƙarƙashin farce baƙi, har tsakanin yatsu. Ya karɓi ƙwaryar. Ya sha ludayi uku. Sannan ya ce, "Akuyar da ta ci ta, baƙin hannu gare ta."

Na durƙushe nan na fashe da kuka. Na ce ya yafe mini, na ce ba na son ya tafi, na ce na gaji da kwana ni kaɗai cikin ɗaki ina sauraron iska. Bai yi faɗa ba. Ya shanye furar tas, ya kife ludayin.

Ya ce, "Ba ki rage ko kaɗan ba?"

Na girgiza kai.

Ya shafa gemunsa, wanda ya fara tsirowa da farinsa. Ya ce, "To."

Kwana biyu bai ƙara maganar tafiya ba. Ya gyara darni, ya liƙe tsagar rumbu da laka, ya sassaƙa mini sabuwar muciya. Ina kallonsa ina murna a ɓoye. Na ɗauka na ci nasara. Ban gane aikin mai shirin barin gida yake yi ba.

Ranar kasuwa da sassafe na fito daga madafa na gan shi yana ɗaure jakarsa.

Na ce, "Haka za ka tahi?"

Ya ce, "Su gan ni yadda Allah ya yi ni."

Ban tsaya ba. Na san motar ba ta tashi sai rana ta take, in 'yan kasuwa sun taru. Na ruga tabki na tona inda na binne, na tarar duk ta ruɓe. Akwai wani tabki can gaba, bayan tudu, tafiyar da ba ta yi wa mai shekaruna sauƙi. Na nufe shi. Duwatsu suka yanke mini takalmi, na riƙe shi a hannu. Can na samu 'yar kaɗan, tsiraru, cikin sawun shanu. Ko rabin ƙwarya ba ta kai ba. Na juyo ina sauri ina lissafin yadda zan niƙa in dafa kafin azahar.

Da na hau tudun ƙauyenmu na ga wurin tsayawar mota fayau. Ranar motar ta cika da wuri, ta tashi tun hantsi. Maƙwabciyata tana tsaye a ƙofar gidana.

Ta ce, "Ina kinka shiga? Ya jira ki har direba ya fara zagi."

Na ce, "Bai bar saƙo ba?"

Ta ce, "Ya ce in gaya miki ki kula da akuyar nan. Wace akuya ce? Akwai mai ciki?"

Na ce i, akwai. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Na dafa 'yar abin da na samo, ta ba ni ɗan ƙaramin butali. Na toshe bakin da tsumma na ɗaure da zare. Sai bayan mako uku na samu mai tafiya, wani amininsa da suke kwana ɗaki guda a can. Na ce ya kai masa, maganin gwiwa ne.

Ni ba ni da salula. Ta matar aminin nan ake kira, mu hau bisa dutse inda magana take kamawa. Duk lokacin da maigidana ya kira sai ya ce lafiya lau. In ce yaya aiki, ya ce da godiya. In ce saƙo ya iso, ya ce ya iso. In ce yaya tari, ya ce ya tafi. Sai ya tambayi akuya, mu yi 'yar dariya, magana ta yanke.

Hadari ya haɗu, maza suka fara dawowa da jakunkuna da rediyo da atamfofi. Kullum motar ta tsaya ina leƙawa ta kan darni. Bai sauko ba. Ya kira ya ce aiki ya riƙe shi bana, in sa a shuka mini gonar kusa, a bar ta nesa. Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa fashin damina ba. Na san akwai abin da ba a gaya mini ba, amma na ji tsoron tambaya. Ta bakin tabki ta fito a shekarar kamar ba a taɓa tuge ta ba, har inda na tattake. Na dafa butali babba na ajiye ina jiransa.

Bayan girbi, wata safiya ina shara, na ji sallamar maza a ƙofa. Liman ne da ƙanen maigidana. Da na ga sun tsaya ba su shigo ba, kuma ba wanda ya dube ni, sai na ajiye tsintsiyar. An riga an binne shi a can tun jiya.

Na yi takaba a ɗakina. Mata suna shigowa suna cewa kwanansa ne ya ƙare, ina cewa haka ne. Sai da wata damina ta zo amininsa ya dawo, ya kawo mini jakarsa. Ya zauna a bakin zaure, ni ina daga ciki. Na ce ya gaya mini gaskiya don Allah, tunda wanda ya hana shi faɗa ba ya nan.

Sai ya ba ni labari. Ya ce ranar da maigidana ya isa magaza, mai wurin ya dube shi ya ce, "Baba, ashe haka ka tsufa? Je ka huta." Mai magazar ya bar wa wanda ke riƙon wurin aikin. 'Yan yankinmu suka ce wa maigidana ya koma gida, su za su haɗa masa na mota. Ya ƙi. Ya ce bai taɓa shiga garinsu hannu wofi ba, ba zai fara da furfura ba. Ya karɓi kurar ruwa haya yana turawa cikin kasuwa, yana hawa gangare da ita tare da samari. Tarin ya dawo ya sauka ƙirji. Ya kwanta kwana tara a ɗakin da suke haya.

Na ce, "Ya ambace ni?"

Ya ce, "Kullum. Ya ce kada a gaya miki an sallame shi, wai za ki ɗora wa kanki. Ban gane mi yake nufi ba. Ke mi ya haɗa ki da mai magaza?"

Na jawo jakar kusa da ni.

Da ya tafi na buɗe jakar. Riguna biyu, tasbaha, bargo, turmin atamfa guda da ya saya mini bai samu kawowa ba. A ƙasa, cikin hularsa, ga ɗan butalin nan. Zaren da na ɗaure yana nan yadda na ɗaure shi. Butalin ya iso bayan mai magaza ya riga ya ga furfurarsa, bai buɗe ba, bai kuma yar ba. Akwai katinsa na shaida da ya sabunta a can, da hotonsa. Gemun ya fito duka, fari fat har ƙirji. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na daɗe ina kallo kafin in yarda shi ne.

Malamai sun ce ba mai wuce ranarsa, na kuma yarda. Amma in na kwanta sai lissafin ya dawo. Da na tsinko ta na dafa, da ya zauna bisa bencinsa a ƙofar magaza, da bai tura kura ba, wataƙila da ya dawo da damina. Wataƙila kuma da tarin ya same shi bisa bencin. Na juya abin ta kowane gefe shekara da shekaru, ban samu inda zan ajiye shi ba. Abu guda na nema, ya zauna gida in riƙa ganinsa. Ko sallama ban samu ba, ina can bayan tudu ina tonon sawun shanu.

Bayan shekara autata ta zo ta ɗauko ni zuwa Tawa. Gidan siminti ne, da famfo, kabu-kabu suna wucewa a ƙofa tun asuba. Ba abin da na rasa. Gwiwoyina ne yanzu suke ƙara in zan tashi daga sallah. Butalin yana cikin kwallata tare da katin, man ya daskare. Atamfar ban ɗinka ba.

Da na kawo nan a labarin, autata ta ajiye bik ta ce, "Inna, ashe shi ya sa Baba bai yi furfura ba sai a hoto. Mu muna ta cewa jininsa ne mai kyau."

Na ce, "Hannuna ne."

Ta ce in ba ta katin ta gani. Na ɗauko mata. Ta kalla ta kalla, ta ce furfurar ta yi masa kyau. Na ce ni ma haka na gani.

Na ce mata ciyawar nan ta gindin famfo ta bar ta. Ba za ta daɗe ba, in sanyi ya shigo da kanta za ta bushe. Sauron kuma a kunna masa magani. Ta mayar da hauyar bayan ɗaki. Yanzu da hantsi nakan ja tabarmata kusa da wurin in zauna, har rana ta iso ni in koma inuwa.